Allon Hassi a Murhu

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Maradun sai haƙuri.

Tunda ruwan dam ya ci gonarmu, malamin yara ya tashi, ni ke biya wa ɗiyata Hassi karatu, ni ke tuyar ƙuli-ƙulin da ke ciyar da mu. Jiya ta jingine allonta, ta tafi sallamar mai saye. Wuta na mutuwa, na laluba bayana na tura itace murhu. Ashe allon ne.

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Inna, gobe da mi zan yi karatu?" Har yanzu ban amsa mata ba.

Ki sa mu a addu'a, Yaya, na gaji. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza