Ba Kurciya Aka Yi Maka Ba

Gammo, Kabo.
Ranar Litinin.

Zuwa ga mijina Malam Tasi'u, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata mai kashe ƙishi, wanda ko sunansa aka ambata a nesa sai zuciyata ta waiga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci, ko da yake na san ka: shayi da biredi ne, sai ka ce ka ƙoshi.

Yau kwana ashirin da uku ke nan da Inna ta zo Gwarzo ta taho da ni gida, wai in huta. Ban huta ba, masoyina. Kullum da an sallame sallar asuba sai in kasa kunne, kamar zan ji ka ɗaure takalmin gudunka ka ja ƙofa. A nan kuwa ba abin da nake ji sai carar zakara da tarin Baba.

Bari in gaya maka abin da ake faɗa a kanka. Mutanen gidanmu sun gama shawara cewa kurciya aka yi maka, asirin nan da ke hana mutum zaman gidansa. Wai ina aka taɓa ganin magidanci, malamin makaranta guda, ya fita da gajeren wando yana sheƙa gudu har Lakwaya, ba kare ya biyo shi ba, ba gobara ake yi ba? In ya dawo kuma ya rufe ɗaki ya duƙufa kan littafi, bai ce wa matarsa uffan ba. Gwaggo Marka har rubutu ta karɓo a aika maka ka sha. Na yi dariya a gabansu, na shiga ɗaki na yi kuka.

Sun manta cewa da gudunka na aure ka. Tun lokacin da abokin aikinka Malam Jang ya koya maka fita da sassafe, shi ya gaji ya bari, kai ka riƙe. Ka tuna daminarmu ta farko? Ka dawo jiƙe sharkaf da gumi, aljihunka cike da gwaibar da wani tsoho ya ba ka a hanyar Madadi. Ina dama koko, ka zauna a kan turmi kana karanta mini littafin nan mai maganar wanke zuciya da neman kusanci ga Allah. Na ce ai tukunya ma sai an jiƙa ta kafin ta wanku, ka yi dariya har littafin ya faɗi. A lokacin gudunka gida yake dawo da kai, karatunka kuma da ni ake yinsa.

Abin ya canja ne ran da zazzaɓi ya ɗauke mana yaronmu. Tun daga nan tafiyar ta ƙara nisa, littattafan suka ƙaru, muryarka ta ɓace. Kana neman natsuwa a kan hanya, kana nemanta a cikin shafuka, ni kuwa ina zaune a tsakar gida kamar tabarmar da aka manta a rana. Na san abin da ya tsaya maka a rai: ba ka ga hawayena ba. Ɗan fari ne, Malam. Kara ta hana ni kuka a gaban mutane, kamar yadda ta hana ni kiran sunansa yana raye. Yau zan rubuta shi ka gani da idonka: Lukuman. Kana tsammanin uwar da ta goya shi shekara biyu ta haƙura a kwana uku?

Ban ce ka bar gudu ba, ban ce ka rufe littafi ba. Haushina ɗaya ne, kuma ina jin sa ƙwarai: ka tafi neman haƙuri ka bar ni a baya, alhali ciwonmu ɗaya. Wane shafi ne ya ce a nemi Allah a bar amanar da Ya bayar tana kuka ita kaɗai? Ka karanta da ƙarfi in ji. In kuka ya zo maka a tsakiyar layi, ka tsaya mu yi shi tare.

Ga abin da ya sa na rubuto. Baba ya ce in ba ka zo biko ba zuwa Juma'ar nan, zai tura ƙaninsa ya karɓo mini takardar saki. Ka zo, hasken raina, don girman Allah ka zo! Ba sai ka shirya dogon bayani ba, ka durƙusa ka gaishe shi kawai, sauran ka bar mini.

In kuma nauyin zuciya ya hana ka, to, ka saurare ni ranar Asabar. Zan shiga motar Gwarzo da kaina, ba biko, ba rakiya. Za a yi da ni a Gammo har jikoki su ji labari, a ce Zubaidatu ta mayar da kanta ɗaki. Na yarda in sha wannan kunyar. Abin da ba zan iya ba shi ne in binne ɗa in kuma rasa ubansa a shekara guda.

Taka ce ni a yau, taka ce har ranar da za a miƙa ni makwancina,

Zubaidatu.