Zane Bakwai a Kogon Inna

Lahadi, 1 ga Maris, 2009

Shekara ashirin da huɗu ke nan da aka kwashe mu daga kogwannin dutse na Batra, a ƙasar Jodan, aka zuba mu a gidajen bulo a kan tudu. Yau ma na ji wani ɗan jagora yana gaya wa baƙi wai birnin nan na Nabatawa, mutanen da can, ya ɓace shekaru ɗaruruwa, sai da wani Bature ya gano shi. Ya ɓace wa wa? Kakanninmu na ciki suna tatsar awaki. Ni da na karanta tarihi a Amman, na tsaya riƙe da butar shayi ina ji.

Talata, 3 ga Maris

Nawal ta zo, 'yar marigayiya ƙanwata Salma. Tana aiki da masu wanke tsofaffin bangaye. Wai sun iso kogonmu, sun ga fenti a ƙarƙashin baƙin hayaƙin girkin Inna. "Kawu, ka zo ka gani." Na ce ba inda za ni.

A cikin baƙin hayaƙin nan, saman murhu, Inna takan ja zane da yatsa duk haihuwa. Bakwai ne. Huɗu muka rayu, yanzu ni kaɗai na rage. Ukun da suka koma tun suna goye ba takarda, ba dutse mai suna. Zanen nan kaɗai.

Jumma'a, 6 ga Maris

Awwad mai raƙuma, bayan masallaci: "Ustaz, shekara ashirin kana kukan kogo, an ce zo ka gani ka ƙi. Ko tsoro kake a ce ka share?" Tsohon banza. Na yi dariya ban shirya ba.

Asabar, 14 ga Maris

Na je.

Ganyen inabi, kore, a rufin da na kwana ƙarƙashinsa shekara talatin. Reshe yana nannaɗe, ga fiffiken tsuntsu. Ashe duk muna nan suna nan. Nawal ta ce hayaƙin ne ma ya kare fentin daga lalacewa. Wato Inna da garwashinta sun yi gadin da ba wanda ya sa su.

Aikin da auduga ne a bakin tsinke. Faɗin tafin hannu sai ya ci mata wuni. Ta wanke har gefen zanen farko ta tsaya, kwana biyar ke nan. Shugabansu na matsa mata, ta ce sai Kawu ya ce. Kan tsuntsun na ƙarƙashin zanen Inna. Ta gwada ɗaukar hoto, baƙi a kan baƙi, ba ya fita.

Ba wanda ya tambaye mu ranar da aka tashe mu. Yarinyar nan ta tambaya. Allah Ya yi mata albarka.

Litinin, 16 ga Maris

Gurasa ta ƙi shiga. Shayi kawai.

Alhamis, 19 ga Maris

Na koma da hantsi. Na ce mata ta wanke, amma kafin ta taɓa kowane zane zan faɗi sunan mai shi, ta rubuta. Ta ce, "Da rubutuna ko da naka, Kawu? Nawa kamar tafiyar kaza." Na ce nata.

Muflih. Fidda. Huwaimil, ni ke nan. Da muka zo kan Salma, Nawal ta ajiye tsinken ta fita waje. Na jira ta. Awwad ya biyo da raƙumansa, ya leƙo, ya cire agal ɗinsa, igiyar ɗaure rawani, ya zauna a bakin kogo.

Alhamis, 26 ga Maris

An gama. Tsuntsun ya fito, da ƙwayar inabi a baki. Wani ya zauna a nan shekara dubu biyu da suka wuce ya zana shi a hankali, don mutanen gidansa su ɗaga kai su gani. Na daɗe ina kallo. Wasu baƙi sun tambayi Nawal ko wane ne ni, ta ce, "Mai gidan ne." Na ba su labari har shayina ya huce. Ban san me ya same ni ba.

Alhamdu lillahi. Takardar na aljihuna, sunaye shida.

Ta cikon bakwai ɗin, wadda aka haifa tsakanina da Salma, ta yi kwana arba'in a duniya. Na kasa tuna sunanta. Ba sauran wanda zan tambaya, kuma zanenta ya goge.