Wasiƙun Maigidana Sun Tafi da Manhajar Gwaji

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar imel ɗin da na saya,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa.

Wata ranar kasuwar Funtua ce, ana tsakiyar cirar auduga. Na lulluɓe kwamfutar maigidana da mayafi, na shiga mota daga Ƙarfi, ina ta murna zan sayi manhajarku ta zama tawa. Da na dawo gida na buɗe ta, sai na tarar da ita wayam, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya.

Maigidana malamin gona ne, an tura shi kwas ƙasar waje da ƙarshen damina. Kafin ya tafi ya zaunar da ni kusa da shi, ya sa mini manhajarku ta gwaji. Shi ya cika lambobin da ke haɗa ta da akwatin imel ɗina, ya ware wa saƙonninsa wuri na daban, ya zaɓi wata 'yar ƙara mai taushi da za ta riƙa sanar da ni isowarsu. Ko ina tankaɗe na ji ta, sai na karkaɗe hannu na ruga.

Tun ina makaranta nake cinye littattafan soyayya, ina jin ƙyashin matan ciki da ake rubuta wa wasiƙa. Shi kuwa mutum ne mai kunya, a gabana hirarsa ba ta wuce taki da lafiyar awaki. Sai da ya yi nisa bakinsa ya buɗe. A wasiƙunsa na fara sanin cewa ya lura da yadda nake ɗaura ɗankwali.

Ga kukana.

Na ɗaya, da lokacin gwaji ya ƙare, saƙonku cewa kawai ya yi in saya. Bai ce kada a cire tsohuwar ba. A nan wajenmu duk mai gyaran kwamfuta yakan share tsohon abu kafin ya zuba sabo, yadda muke wanke randa kafin mu zuba ruwa. Haka Chinedu ya yi, mai shagon da na je, haifaffen Funtua ne kuma mutumin kirki. Daga baya ya gano lambar da aka ba mu bayan na biya kawai za a shigar cikin ta gwajin, komai ya zauna yadda yake. Ya ƙi karɓar kuɗin aikinsa. Ban ga laifinsa ba, layi guda daga gare ku da ya tsare mu.

Na biyu, manhajarku tana sauko da wasiƙu cikin kwamfuta ba tare da ta bar kwafi a akwati ba, kuma ba ta taɓa faɗa mini ba. Na tambayi maigidana ko yana da su. Ashe yana aikawa yake gogewa, don kwamfutar makaranta ce, yana kunyar abokan karatu su gani.

Roƙona, Yallaɓai, ku rubuta gargaɗin da manyan baƙaƙe inda ake saye, har da Hausa. Sannan ku sa wani masani a cikinku ya gaya mini gaskiya, ko ana iya dawo da wasiƙun. Chinedu ya ce mai yiwuwa suna kwance a cikin na'urar, muddin ba a ɗora wani abu a kansu ba. Ba kuɗina nake nema ba.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya haɗa kowannenku da nasa da ke nesa.

Ni dai na kashe kwamfutar, na sa ta a ƙasan adakata. Na san hakan zai hana ni karanta sababbin saƙonninsa, amma ba zan sake kunna ta ba sai na ji daga gare ku.

Wassalam.

Bilkisu, matar malamin gona,
Ƙarfi.