Gambar da ke Tsakanin Gonaki Biyu

Mairuwa, farkon Mayu 1976

Zuwa ga mai ɗakina Safara'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da yara da mutanen Ƙanƙara baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata lau, zama wuri ɗaya ne dai ya gagare ni.

Taraktar da nake ta ba ki labari ta iso. An ba ƙungiyar manomanmu aronta zuwa ƙarshen wata, daga nan a wuce da ita Sabuwa. Kin san samari duk sun tafi Kaduna da Legas aikin gine-gine, gayya ta mutu, babu mai riƙe garma. In taraktar nan ta tafi ba ta yi huɗa ba, ƙungiyar da na sha wuya kafin in haɗa ta watse ke nan, a ce sakataren banza aka turo masu.

To ga ta can gindin tsamiya, awaki na shan inuwa ƙarƙashinta. Kara ce ta hana aiki. Shugabanmu Alhaji Barau ya ce ba za a taɓa gonarsa ba sai an yi ta Malam Almu liman, don shi ya karantar da 'ya'yansa. Malam Almu ya ce Allah ya kiyaye ya shiga gaban wanda ya girme shi, ga shi kuma ɗiyarsa na aure a gidan Alhajin. Sauran manoma kuwa, wa zai yarda a fara da shi dattawan nan suna tsaye? Mun yi taro har na gaji da shimfiɗa tabarmi. Kowa ya ce madalla, a shafa fatiha, a tashi. Gide direba har ya fara ajiye tumbi.

Kullum hadari na haɗuwa a gabas, ga gonaki ba a huɗe ba. Ki taya ni da addu'a.

Naki,
Abdulƙarim

Mairuwa, tsakiyar Mayu

Safara'u tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Yajin da kika aiko ya iso, har maƙwabta sun ɗana. Yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yinsa.

Albishirinki, aiki ya kankama! Ranar da ruwan farko ya sauka na fita ina zagaya gonaki kamar wanda ya ɓatar da akuya, sai na lura gonar Alhaji da ta Malam a manne suke, layin gamba kawai ya raba su. Nan dabara ta faɗo mani. Na ce wa Gide ya ratsa su a gicciye, ya huɗe su tare, kowace kunya rabinta nan rabinta can, don kada a ce an fara da wani. Gide ya ji daɗi, ya samu dogon layi babu yawan juyi.

Da ma kina nan ki ga ikon Allah. Ana jin ƙarar inji gari ya fashe. Mutanen da suka ishe ni da madalla su ne yanzu ke jan rigar Gide, kowa na cewa tasa ce a kan hanya. Takin da ya daɗe jibge a rumbun ƙungiya ya ƙare a yini ɗaya. Ba na kiran taro yanzu, a bakin gona ake yanke shawara, a yi a wuce. Ashe jira kawai suke wani ya fara.

Dattawan biyu sun zo sun daɗe tsaye suna kallo. Alhaji Barau ya ce, "To, an gode, Malam Sakatare," ya juya. Malam Almu ma ya kama hanyar gida, shi da ma mutum ne mai kunya.

Rabona da abinci a zaune har na manta, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irin na yanzu ba.

Mijinki,
Abdulƙarim

Mairuwa, Yuni

Zuwa ga Safara'u,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna da yara. Kin tambayi dalilin shiruna. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa.

Tarakta ta tafi Sabuwa, babu gonar ɗan ƙungiya da ta rage. Maigidanmu a ofis ya yaba mani a gaban jama'a, har ya ce in je in koya wa na Sabuwa yadda na yi.

Da aka zo shuka ne magana ta tashi, don tarakta ta tumɓuke layin gambar nan kaf. 'Ya'yan Alhaji suka shuka dawa har inda suke ganin nan gambar take. 'Ya'yan Malam suka ce an shigo masu, suka tone. Aka sake shukawa, aka sake tonewa, har aka fasa wa wani kai. Kakanninsu ne suka dasa gambar nan, babu dutse, babu itace, ita kaɗai ce shaida. Ni kuwa ciyawa na gani.

Dattawan ba su ɗaga wa juna murya ba. Alhaji dai ya koma salla a masallacin kasuwa. Ɗiyar Malam da ke aure a gidan Alhajin an ce kullum cikin kuka take, ta rasa ɓangaren da za ta bi. Taron ƙungiya na jiya, rabi suka zauna nan, rabi can nesa, ni a tsakiya ina magana babu mai amsawa. Kafin fatiha kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi. Wallahi raina ya ɓaci, kuma babu wanda zan ɗora wa.

Magana ta kai gaban alƙali a Faskari. Ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda, wai ni ne baƙo, ba ni da dangi a ciki, kuma ni na tsaya a wurin ranar da aka huɗe, don haka duk inda na nuna sun amince. Gobe za a fita da ni gonar in sa ƙafa a kan iyakar.

Safara'u, ban san inda take ba. Ranar nan hadari nake kallo, ban dubi ƙasa ba.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne naki,
Abdulƙarim