Malam Kyari Ya Warke, Kai Ba Ka Jira Ba

Malam,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa kabarinka ya yi maka faɗi da haske. Na san babu mai kai maka wannan takarda, na kuma san ba za ka karanta ta ba. Amma magana ce ta cika mini ciki, kuma duk unguwar nan ban ga wanda zan faɗa wa ya ci gaba da ganin mutuncina ba. Kai ka saba jin shirmena, to ka ji wannan ma.

Gida lafiya. Zara ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, ta ɗauko tsawonka har da yadda kake ɗaure fuska idan kana tunani. Inna mahaifiyarka tana nan da ciwon gwiwarta, kullum sai ta ambace ka bayan sallar azahar. Katangar bayan gida ta zube da damina, ƙaninka ya turo magina sun tayar da ita da bulo. Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Malam Kyari ya warke.

Amininka, maƙwabcinmu, wanda kuke rumfar huluna ɗaya a Kurmi. Tare kuka tafi Maiduguri saro kaya, tare 'yan bindiga suka tare motarku, tare kuka yi watanni a daji, tare aka karɓo ku. Kuma ciwo iri ɗaya kuka dawo da shi. Ka tuna ranar da tayar mota ta fashe a Ƙofar Nassarawa, ka kwanta a bakin titi da farar rigarka, ka rufe kai da hannuwa, mutane suka taru a kanka? Shi ma haka yake yi. Kai ba ka zama sai bayanka na jingine da bango, shi ma haka. Idan murfin tukunya ya faɗi a gidan nan sai ka yini ba ka yi magana ba, idan ya faɗi a gidansu sai mu ji ihunsa ta katanga.

Ciwonku ne ya mayar da ni da matarsa Falmata 'yan'uwa. Ta kan katanga muke miƙa wa juna rubutu da turaren hayaƙi da sunan sabon mai magani. Idan ta ga idona ya kumbura ba ta tambaya, ni ma ba na tambayarta. Muka yi na gida, muka yi na asibiti, aka ba ku ƙwayoyin barci. Har ranar da hawan jini ya kayar da kai a zaure, kana shirin fita masallaci. Ita ce ta riƙe ni da aka fita da kai.

To bayan Babbar Sallar nan ƙaninsa da ke aiki a Legas ya zo ya ɗauke su, shi da ita. Wai akwai wani asibiti da ke da na'urar maganaɗisu ta masu irin wannan ciwon na firgici bayan mugun tashin hankali. Falmata ta ba ni labari dalla-dalla, da ma ba ta ba ni ba. Wai ba a yanka mutum, ba a sa shi barci, ba kuma irin jona wutar lantarkin nan ba ce da muke tsoro. Kujera ce zai zauna, a cire masa duk wani ƙarfe da ke kusa da kai, a ɗora masa wani abu kamar faifai a gefen goshi. Ranar farko sai da suka yi ta gwadawa har babban yatsansa ya motsa da kansa, a nan suka gane ƙarfin da ya dace da shi. Abin yana yin ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa kai da ɗan yatsa, yana tayar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kwantar wa mutum da tsoro. Kullum ya je ya yi ɗan zama ya dawo masauki da ƙafarsa, sai ɗan ciwon kai. Makonni suka yi a haka, yana kuma ganin wata likita da ke zama da shi su yi magana.

Shi ke nan, Malam. Kujera da ƙas-ƙas. Abin da ya cinye ka ina kallo, ashe akwai kujerarsa a wani gari?

Ranar da suka dawo na shiga yi musu sannu da zuwa, na yi barka, na ce Allah Ya ƙara lafiya, kuma wallahi har zuciyata na faɗa. Amma da na dawo gida na kasa cin abinci. Da yamma sai na ji dariyarsa ta tsallako katanga. Dariya sosai, irin wadda kuke yi a da idan kuna tsokanar juna a kan waye ya fi iya ciniki. Na shige ɗaki na rufo ƙofa.

Kishi nake yi. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Ban taɓa sanin ana kishin lafiyar mijin wata ba sai yanzu. Falmata ta koma ƙunshi, ta koma sa turare, tafiyarta ma ta sauya. Shekaranjiya ta shigo aron rariya, ta zauna tana yi mini ƙorafi wai Malam Kyari ya dame ta da minshari. Minshari! Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah in ji naka ko sau ɗaya, don tun da ka dawo ba ka ƙara barci mai nauyi ba. Ta ga fuskata, ta ɗauki rariyar ta fita. Ba ta yi don ta ɓata mini ba. Mantawa ta yi, kuma mantawar ce ta fi yi mini ciwo. Mu biyu ne a cikin ramin nan, ita an fitar da ita.

Me ya sa shi? Me ya sa ba kai ne mai ƙani a Legas ba? Me ya sa ba ka ƙara haƙuri kaɗan ba? Astagfirullah, na san kwana ne ya ƙare, na san ba a ja da hukuncin Allah. Falmata ta ce likitan asibitin ya gaya musu ba kowa abin ke yi wa aiki ba, wasu sun gama ba su ga canji ba, kuma shi kansa Malam Kyari har yau ba ya iya jin an ambaci hanyar Maiduguri bai tashi daga wurin ba. Ka san abin da na yi da wannan magana? Rungume ta na yi. Nakan ce wa kaina wataƙila kai ma da ba ta yi maka aiki ba, sai in ji sanyi. Dubi abin da na koma.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Kyari ya yi sallama, shi da Falmata. Ya tsaya a zaure, ni ina daga ciki. Ya ce akwai amanar da ya daɗe yana riƙe da ita, bakinsa ne bai iya furtawa ba sai yanzu. Wai a daji akwai lokacin da ya daina cin ɗan abin da ake jefo muku, ya ce gara ya mutu. Kai ne ka zauna kusa da shi kana ba shi labarin burabuskona da miyar yakuwa. Yadda nake turara shi, yadda nake zuba man shanu, yadda nake faɗa idan ka sa hannu tun bai huce ba. Wai kullum sai ka maimaita, har yawunsa ya tsinke ya karɓi abincin. Kuma ka yi masa alkawari, idan Allah Ya fitar da ku, za ka kawo shi gida in dafa muku.

Malam, ka dawo ka zauna da ni har ƙarshen kwananka, ba ka taɓa gaya mini wannan ba. Ba ka taɓa cewa in dafa maka ba. Nakan ajiye maka kwano ka kalle shi kamar ba ka san mene ne ba. Na ɗauka ka manta da ni tun a can. Ashe da ni ka yi ta rayuwa a can, bakin ne kawai ka baro. Shi an mayar masa da nasa, har Falmata ta riga ni jin labarin mijina. Wannan ma ina kishinsa.

Jiya na dafa. Na je Kurmi da kaina na zaɓo man shanu. Na aika aka kira Malam Kyari, Zara ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya zauna ya ci. Ni kuwa na tsaya a bayan ƙofa ina jin ƙarar cokali a kwano, ina kuka ba sauti. Ya cinye tas, ya yi maka addu'a mai tsawo, na ce amin.

Na cika maka alkawarinka. Kishin bai tafi ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma gobe zan shiga wurin Falmata da kaina, don ban da ita, ba ni da wata 'yar'uwa da ta san ka a yadda ka dawo.

Ka huta, Malam. Yanzu babu abin da zai firgita ka. Allah Ya haɗa mu a inda ba a tsoro.

Taka har kullum,
Yagana, uwar Zara