Huji Huɗu Kacal

Daren Laraba, Sharaɗa

Kwana shida da yi min aikin ciwon dajin hanji, yau tsofaffin abokan aikina na kamfanin fata a Challawa suka zo dubiya. Da ma sun yi zamansu.

Sule ya ce in ɗaga riga. Huji huɗu ne, sai ɗan tsagin da bai kai yatsa ba. Na yi musu bayani dalla-dalla: likita ya zura kyamara da siraran ƙarafa, yana kallon talabijin ya yanke inda ya lalace.

"Haba Malam Habu," in ji Sule, "ai ko wanzami ya fi haka barin tabo!"

Sai ya yaye tasa rigar, ya nuna tsohon ɗinkin afendis ɗinsa, kamar bakin buhun gero. Duk sannun da aka kawo min ta koma kansa. Har matata ta ƙara masa lemo.

Ni da na rubuta wasiyya kafin a shiga da ni!

Gobe surukaina na Ɗorayi za su zo. Da sassafe zan aika kemis a sayo bandeji, in naɗe cikin nan tun daga ƙirji.