Filta a Kwalin Filas

Gidan Igwai, Sakkwato
Laraba

Zuwa ga Ummukulthum,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinki, ya ruwan zafi? Ya Inna da Baba? Na rubuto ne tunda ƙauyenku babu sabis.

Ummu, raina a ɓace yake. Kwana uku motar ga tana tsaye, albasar mutane a kanta, ragon suna ɗaure a gefe yana hararata. Sanyin bana ya sa man gas ya yi kauri, filtar da ke tace shi ta toshe, mai ba ya hawa. Mun buga famfon mai har hannuna ya yi kanta. Motar ta yi tari biyu ta mutu, sai ka ce tsohuwa mai mura.

Filtar tsohuwar motar ga babu irinta a Sakkwato, shi ya sa na sayo sabuwa a Kano na ajiye. Na neme ta sama ko ƙasa. Dodo makanike kaɗai ke taɓa mini mota, don haka na ce masa ɓarawo a gaban mutane. Ya kwashe sifanunsa ya tafi.

Albasa amana ce, ba na barin ta a titi. Amma in Allah ya so, Asabar da ni za a raɗa suna.

Naki,
Malami

Lahadi

Zuwa ga Ummukulthum,

Ina gaishe ki, ya gajiyar suna? Allah ya raya Sa'ad.

Saƙonki ya iso ta hannun direban kasuwa. Da na ga kwalin filas na ce me zan yi da shayi, ashe filta ce a ciki. Sai a lokacin na tuna: ni da hannuna na ɓoye ta nan don kada a ɗauke, ke kuma kika haɗa da kayan jego. Kaico, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, kuma gardin ni ne.

Na ɗaura ta, bugu ɗaya mota ta tashi. Wallahi ban ji daɗi ba. Na je garejin Dodo ban haƙuri, ya amsa sallama, bai ɗago kai ba. Shekara tara muna tare.

Ragon yana nan, gobe in na sauke albasa zan biyo da shi.

Na san ɗan fari ne, bai kamata in tambaya ba. Amma kowa ya gan shi sai ni. Don Allah Ummu, wa ya ɗauko?

Mijinki mai laifi,
Malami